Uwar Aro

Makarantar firamaren da ke ƙarshen layinmu tana da allon sanarwa a jikin bango, dab da ƙofar shiga. An yi masa ’yar rumfar kwano don kada ruwan sama ya wanke allin. A nan ake rubuta wa iyaye labarin makaranta: ranar rigakafi, ranar duba farce da kai, wasan guje-guje, ajin da rufinsa ke yoyo, da ranar dawowa daga hutu. A ƙarƙashin allon nan matar da nake son ba da labarinta ta kafa teburinta bayan ta bar aiki. Fensir take sayarwa, da littafin rubutu, da abin goge kuskure, da biskit. Ba ta iya karatu ba. Ni nake karanta mata allon in na rako jikana da safe. Sau ɗaya take ji ta riƙe, ta yini tana rarraba wa iyayen da ba su da lokacin tsayawa, ko waɗanda ke kunyar a gane su ma ba su iya ba.

Bangonmu ɗaya da ita. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Ita kuwa Akawu take kirana, saboda aikin da na yi a gidan waya. Ba irin zaman yabon juna muka yi ba. Ta sha ce mini bakina ya fi almakashi, ni kuma na sha gaya mata taurin kanta ya fi na jaki. Yara Iya suke ce mata a gabanta. A bayan idonta, daga yaran har iyayensu, Uwar Aro ce.

Sunan ya samo asali daga wata al’adar makarantar. Ƙarshen kowane zango ana yin ranar iyaye. Ana kwaso ƙananan kujeru daga ajin ’yan share fage a ajiye ɗaya kusa da teburin kowane yaro. Uba ko uwa, ko duk wanda ke riƙon yaron, zai zauna a kai, gwiwoyinsa kusa da haɓa, yaro kuma ya miƙe ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Wani tsohon hedimasta ne ya ƙirƙiro tsarin, kuma iyaye suna son sa. Amma na tabbata da yake tsara abinsa bai tuna da yaron da ba mai zuwa masa ba. Kujerar da ba kowa a kanta ta fi kowace kujera fitowa fili a cikin aji.

Yaya ta san wannan tun kafin ta kafa tebur. Rayuwarta duka a ɗakin wankin asibiti ta yi ta, tsakanin tururi da zanin gado da dutsen guga. Hannayenta har ta tsufa fatarsu a murɗe take kamar ta wanda ya daɗe cikin ruwa. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, kuma a wannan makarantar yaron ya yi karatu. Ranar iyaye kullum da hantsi ake yin ta, lokacin da wankin asibiti ya fi yawa, shugabar ɗakin wankin kuma ba ta san wani abu wai shi izini ba. Yaron ya shiga ya fita makarantar uwarsa ba ta taɓa zama a kujerar nan ba. Yanzu babban mutum ne a wani gari mai nisa. Yana kira a waya, yana aiko da abin da ya samu, yana gaishe ta cikin ladabi kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Wata rana ta ce masa ya riƙa zuwa suna hira, ya yi dariya ya ce, “Iya, ai ni na saba yi wa kujera magana.” Da wasa ya faɗa. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba, don ta maimaita mini maganar ya fi a ƙirga.

Yadda ta fara zaman kuwa ba shiri ta yi ba. Wata malama ce ta aika a kawo mata fensir ranar iyaye, Yaya ta shiga ta tarar da wani yaro tsaye, takarda a hannunsa, kujerarsa wayam. Ta ajiye fensir ta zauna. Yaron ya dube ta, ya dubi malama, ya fara karatu. Shi ke nan. Zango na gaba malamai da kansu suke aika a kira ta. Takan rufe teburinta da leda, ta ɗaura zanin da ta goge har yana tsayuwa da kansa, ta bi aji aji. Ba ta fahimtar rabin abin da ake karantawa, amma tana gyaɗa kai a inda ya kamata. In yaro ya gama, maganarta ɗaya ce: “Madalla. Gobe ka ƙara ɗaga murya.”

Tana da ƙa’ida guda da ba ta karyawa. Ba ta jira sai an kira sunan yaro. Da iyaye sun gama zazzaunawa ta ga kujera wayam, sai ta zauna tun kafin a fara. Takan ce in ka bar yaro ya tsaya yana kallon kujera har abokansa suka lura, zamanka bayan nan ba ya maganin komai, ƙaya ta riga ta shiga.

Ni ban taɓa yaba abin gaba ɗaya ba, kuma na gaya mata.

“Yaya, kin san sunan da yara suke kiran wanda kika zauna masa? Ɗan aro.”

“Su kira. Da babu gara ba daɗi.”

“Kayan aro dai ba ya rufe katara.”

“Ke da kike da zani goma kike faɗin haka, Akawu. Ki tambayi mai tafiya tsirara.”

A nan muka bar zancen, kamar yadda muke barin yawancin zantukanmu.

A ajin jikana akwai wata yarinya da ake kira Leƙe. Siririya ce, mai dogon wuya, kuma duk motsin da aka yi a waje sai ta ɗaga kai ta leƙa taga, shi ya sa sunan ya bi ta. A wurin kakarta ta wajen uwa take zaune, a bayan injin niƙa. Auren iyayenta ya mutu tana ƙarama, uwar ta yi wani auren a wani gari. Uban direban babbar mota ne. Rabuwar ba ta yi kyau ba, kuma duk unguwa ta san tsohuwar ta rantse masa cewa duk inda take kada ya kuskura ya sa ƙafa, in ba haka ba za ta tara masa jama’a. Tsohuwar ciwon gwiwa ya hana ta fita, don haka tun daga aji ɗaya Yaya ce ke zama wa Leƙe. Sun saba. Yarinyar takan tsaya a teburin bayan an tashi, ta jera mata fensir launi launi, ta karanta mata allon in ni ban fito ba.

A shekarar da suke aji huɗu, ranar iyaye ta ƙarshen shekara, ina zaune kusa da jikana a layin baya. Iyaye sun cika aji, ana ta gyaran zama a kan kujerun da ba su kai rabin mazaunin mutum ba. Wani mahauci ya ce in kujerar nan ta karye ba shi ba ne, naman da ya ci ne. Aka yi dariya. Yaya ta shigo cikin shuɗin zaninta da farin mayafi, ta duba, ta nufi wurin Leƙe kai tsaye.

Na ji yarinyar ta ce a hankali, “Iya, yau akwai mai zuwa.”

Wannan magana Yaya ta ji ta daga bakin yara da yawa. Kusan duk wanda ta zauna masa sai ya ce babansa na hanya, ko mamarsa ta ce za ta biyo baya. Amsarta a shirye take.

“To, ’yar nan, in ya zo sai in tashi.”

Ta zauna, bayanta ga taga.

Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne Leƙe ta roƙi mai gadin makaranta ya ara mata waya, ta kira ubanta, ta gaya masa ranar, ta kuma tabbatar masa kakarta ba ta zuwa. Ta ɓoye zancen don kada ya kai kunnen kakar. Mai gadi kaɗai ya sani.

Da aka zo kan Leƙe ta miƙe ta fara karatu. Labarin wata mota ta rubuta, mai ɗaukar buhuna daga gari zuwa gari. Tana cikin yi na ga inuwa a taga. Wani dogon mutum ne, rigarsa sabuwa har da layin ninki a ƙirji, da leda a hannu. Ya sunkuyo yana duba aji. Idonsa ya sauka kan yarinyar, fuskarsa ta saki. Sai ya ga tsohuwa zaune kusa da ita, ta juya baya, da farin mayafi. Ya ja da baya kamar wanda ya taka wuta. Ni ban san shi ba, na ɗauka wani ne ya yi ɓatan aji.

Leƙe kuwa, da duk ranar Allah idonta na kan taga, a wannan karon kanta na kan takarda, don tana son kada ta yi kuskure. Sai da ta kai ƙarshen layi ta ɗago. Ƙeyarsa kawai ta gani. Ta daina karatun.

“Ci gaba mana,” in ji malama.

Ta saki takardar ta fita da gudu.

Yaya ta bi ta, ni ma na tashi. Kafin mu kai ƙofa da ƙafafunmu na tsofaffi, yarinyar na tsaye a bakin titi tana duban hanya. Mai gadi na riƙe da ledar.

“Ina mutumin?” Yaya ta tambaye shi.

“Ya hau babur ya tafi. Can bayan gari ya bar motarsa, wai ma kaya ne a kai.”

“Me ya sa ka bar shi?”

“Ni zan riƙe shi, Iya? Ya ce surukarsa na ciki, ba ya son a yi tashin hankali a gaban yara. Na ce wace surukar? Kafin in rufe baki ya yi gaba.”

“Ba ka ce masa ni ce ba?”

“Ina ƙofa, ta ina zan san wanda ya zauna a aji?”

Ya miƙa wa Leƙe ledar. Lemo ne a ciki, da sabuwar gorar ruwa. Ta karɓa ba ta duba ba. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta juyo ta kalli Yaya ta ce, “Ai na ce miki akwai mai zuwa.”

Yaya ta juya ta koma wurin teburinta.

Mai gadi ya kira lambar uban nan take, wayar a kashe. Washegari ma haka. Da ta shiga daga baya, wani ne ya ɗauka ya ce ba ya nan.

Bayan hutu Leƙe ta daina tsayawa a tebur. In ta zo wucewa sai ta bi ta ɗaya gefen ƙofar, ta raɓa jikin bango. In fensirinta ya ƙare, wata take aikowa. Yaya takan ajiye mata biskit a gefe, ya yini a nan, da yamma ta ba wani. Ba ta kira ta ba, ba ta kuma aika a ba ta haƙuri ba. Da na ce ta bar abin ya wuce, yaro ne, zai manta, sai ta ce, “Nawa ɗan ya manta?”

Wurin kakar Leƙe ta fara zuwa. Na raka ta. Tsohuwar na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, ƙarar injin niƙa na shigowa ta bango. Da ta ji abin da ya faru dariya ta yi.

“Ashe ko ba na nan tsorona na aiki. Allah ya yi miki albarka da kika kore mini shi.”

“Ban zo karɓar godiya ba. Na zo ne ki bar shi ya zo ya ji karatun ’yarsa.”

“Wa ya riƙe masa ƙafa? Namijin da bayan tsohuwa ya kora, shi ne uba?”

A hanyar dawowa na ce wa Yaya maganar tsohuwar ba daɗi amma akwai gaskiya a ciki. Da ya tsaya ya leƙa da kyau, da ya gane. Ta ce, “Da ya tarar da kujera wayam fa, da ya shiga ko bai shiga ba?” Amsar a fili take.

Da ranar iyaye ta gaba ta fito a allo, na karanta mata, sai ta rufe tebur tun kafin a tashi ta ce in raka ta tashar manyan motoci. Tafiya ce mai nisa, sai an canza mota. Wurin duk baƙin mai ne da ƙarar guduma, motoci jere kamar gidaje. Muka tambaya aka nuna mana rumfar mai shayi inda direbobi ke zama. Da suka ga tsofaffi biyu sun nufo su, wani ya ce, “Iya, miji ake nema? Ga mu da yawa, sai dai ba ma kwana a gida.”

“Da ina neman miji ai ba zan zo wurin waɗanda suka auri hanya ba,” in ji Yaya. “Dogon nan nake nema, mai ’ya a makarantar layinmu.”

Sun san shi. Dogo suke ce masa su ma. Ya yi lodi ya tafi, ba a san ranar dawowarsa ba. Mai shayi ya ce shi ne ke riƙe wa direbobi saƙo. Yaya ta tsaya a gabansa ta faɗa masa ranar, ta sa ya maimaita, sannan ta ƙara da cewa, “Ka ce masa matar da ya gani ba surukarsa ba ce. Mai sayar da fensir ce. Ka ce kujerar tana nan, ba wanda zai zauna.”

Bayan ’yan kwanaki Dogo ya kira wayar mai gadi ya ce a ba shi Iya. Ina wurin. Ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce ba laifinta ba ne, shi ne bai duba ba, kuma in Allah ya yarda zai zo. Murya mai sanyi gare shi, irin ta mutumin da ya saba yin alkawari.

Ranar ta zo. Yaya ta ɗaura zaninta ta shiga ajin, ta wuce kujerar Leƙe ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Malama ta ce, “Iya, ga wuri.” Ta ce a’a. Malama ta ce to bari a ɗauke kujerar, kada ta tsaya haka. Yaya ta ce, “A bar ta, mai ita na zuwa.” Aka bar ta. Aka bi yara ɗaya bayan ɗaya, Leƙe na leƙen taga. Malama ta tsallake sunanta ta mai da ita ƙarshe, duk da haka ba kowa. Yarinyar ta miƙe ta yi karatunta ga kujera, murya ƙasa ƙasa, sauran yara na kallo. Yaya na bakin ƙofa ta ji shi daga farko har ƙarshe. Abin da ɗanta ya yi shekara da shekaru ba ta gani ba, ranar ta gani da idonta. Da muka koma gida ta shiga ɗaki ta ja labule, ban ji motsin tukunyarta ba har washegari.

Daga nan ta canza yadda take aikinta. Kafin ta zauna wa kowane yaro sai ta sunkuya ta tambaye shi, “Kana jiran wani?” In ya ce e, sai ta koma bakin ƙofa. Yara kuwa kusan duk e suke cewa, kuma kusan duk ba mai zuwa. Sai ya zama kujerun da ba kowa sun fi na da yawa. Malamai suka fara gunaguni. Malamar aji biyu ta ce mata, “Iya, saboda yarinya ɗaya za ki bar goma suna kuka?” Yaya ta ce, “Cikin goman nan wanne ne nasa ke hanya? Nuna mini shi in zauna wa sauran.” Ba wanda ya iya nuna mata. Ni ma da nake da bakin magana ban san wanne ya fi ba, tsohon tsarinta ko sabon. Kowanne akwai wanda yake cuta.

Zuwa tasha kuwa ba ta fasa ba. Duk sanda ranar iyaye ta fito a allo, za ta rufe tebur ta tafi wurin mai shayi. Direbobi suka saba da ita har suna yi mata kirari da “Iya mai sammaci”. Dogo wani lokaci ya aiko da gaisuwa, wani lokaci shiru. Wani zango aka ce motarsa ta lalace a hanya, wani zango aka ce ya canza uban gida. Leƙe ta shiga aji biyar ta fita, kujerarta wayam, gaisuwa kuma ba ta haɗa ta da Yaya.

A farkon shekararsu ta ƙarshe Yaya ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na hagu ya mutu. Ɗanta ya zo ya kwana biyu, ya ɗauki mai kula da ita, ya koma. Aka shigo da teburin aka jingine a zaure. Bakinta ya karkace amma magana na fita in mutum ya saurara. Kullum in na dawo daga rakiyar jikana sai ta tambaye ni me aka rubuta a allo, in faɗa mata, ko da ranar share filin wasa ce. Da ranar iyaye ta ƙarshe ta fito, wadda daga ita yaran sun gama makarantar, ta kama mini zani da hannunta mai lafiya.

“Akawu, tasha.”

“Ni? Da wannan ƙugun nawa? Mutumin nan ba zai zo ba, Yaya. Kin yi iya yinki.”

“Ki je ki faɗa. Zuwa nasa ne.”

Na je, ina mita tun daga gida har can. Na gaya wa mai shayi ranar, na kuma ƙara nawa: ya ce wa Dogo tsohuwar da ke kawo saƙo ta kwanta, kuma daga wannan ba sauran wata kujera, yarinya ta gama.

Ranar ina layin baya kamar kullum. An fara karatu, an yi nisa, sai ga shi a ƙofa. Wannan karon ba sabuwar riga, kayan aikinsa ne a jikinsa, da baƙin mai a gwiwa, idanunsa jajir. Ya tsaya yana duba aji a tsorace. Malama ta nuna masa kujerar. Ya ratsa tsakanin tebura ya zauna, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Leƙe ba ta dube shi ba, amma na ga wuyanta ya daina juyawa taga.

Saura yara da dama kafin a zo kanta. Ajin da zafi, ga muryoyin yara iri ɗaya. Mutumin da ya kwana yana tuƙi, na ga kansa ya fara rinjaya. Ya farka, ya gyara zama, ya murza ido. Da aka kira Leƙe ta miƙe ta fara, ya ɗago ya yi murmushi. Kafin ta kai tsakiya haɓarsa ta sauka a ƙirji. Wani yaro ya yi dariya, uwarsa ta make shi. Leƙe ta dubi ubanta, ta dakata kaɗan, sannan ta ci gaba har ƙarshe, da ƙarfi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Tafin da aka yi ne ya tashe shi, shi ma ya kama tafi.

Ban gaya wa Yaya komai ba da na koma, don ina tunanin ta inda zan fara. Da la’asar ina ɗakinta sai ga sallama a zaure. Leƙe ce, da kayan makaranta a jikinta. Rabonta da gidan tun tana aji huɗu. Ba ta shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta riƙe labule.

“Iya, ya zo.”

Yaya ta yi ƙoƙarin ɗagowa, na sa mata matashi.

“Ya ji karatun?”

“Barci ya yi.”

“Duka?”

“Ya ji farkon.”

“Yanzu yana ina?”

“Ya tafi. Akwai kaya a motar.”

Yaya ta dube ta. Sannan ta ce, “A kujerarki dai ya yi barcin ko?”

“E.”

“To.”

Yarinyar ta ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, sai ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta saki labule ta tafi. Ba ta ce ta yafe ba, Yaya ma ba ta nema ba. Na ce, “Ga shi nan, shekara biyu kina zarya don mutum ya zo ya yi minshari.” Ta ce in rufe mata baki in ba ta ruwa.

Yaya ba ta ƙara yi mini zancen tasha ba. Allon kuwa ta ci gaba da tambaya har ƙarshen kwanakinta, a damina ta gaba. Hedimasta ya sa an rubuta rasuwarta a allon, ƙarƙashin sanarwar rigakafi, ya kwana biyu aka goge aka rubuta ranar jarrabawa. Wata mata ce yanzu ke da tebur a wurin, ta iya karatu, amma ba ta gaya wa kowa komai sai an saya. Ranar iyaye ana nan ana yi. Ƙaramar jikata tana aji biyu, ina zuwa mata. A ajinsu akwai wani yaro mai faɗin kunne da kujerarsa ke zama wayam kowane zango. Malamarsu ta taɓa tambayata ko zan matsa in zauna masa in jikata ta gama. Na tambaye shi ko yana jiran wani. Ya ce e.